Duwatsun Gettysburg: Yadda Ake Karanta Filin Yaƙin Basasa



Hausawa na cewa gani ya kori ji. Shi ya sa mutum kan kashe kuɗinsa da lokacinsa ya tafi wani kufai, ko tsohuwar ganuwa, ko filin da aka taɓa gwabza yaƙi, don ya gane wa idonsa. To amma wanda ya je filin daga bayan shekara ɗari da hamsin, ai ba yaƙin zai tarar ba. Jini ya daɗe da bushewa, ciyawa ta rufe ramuka. Abin da zai gani shi ne duwatsu da allunan tagulla da mutum-mutumin da wasu suka zo daga baya suka kakkafa, kowanne da rubutu a jikinsa. Shi kuwa rubutun nan, mutum ne ya zauna ya tsara shi, a wata shekara, da wata manufa a ransa.

A wannan fitowa za mu ɗauki fili guda ɗaya, wato Gettysburg a ƙasar Amurka, inda aka yi karo mafi muni a yaƙin basasarsu. Filin ya kai kimanin eka 6,000, kuma akwai duwatsun tunawa da alluna da mutum-mutumi fiye da 1,300 a cikinsa. Abin da muke so mu fitar shi ne, kowane dutse a wurin yana ɗauke da kwanan wata biyu: ranar da aka yi faɗan, da ranar da aka kafa dutsen. Mai ziyarar da ya karanta ta farko ya manta da ta biyu, rabin labari ya koma da shi gida.

Me ya haddasa yaƙin?

A ƙidayar 1860 Amurka na da mutum kimanin miliyan 31, kusan miliyan 4 daga cikinsu bayi ne, jikokin waɗanda aka kwaso daga Afirka ta teku. Galibinsu suna jihohin Kudu, inda gandayen auduga da taba da rake suka dogara kacokan ga guminsu. Jihohin arewacin ƙasar kuwa sun riga sun hana bauta a cikin iyakokinsu. Gardamar da ta fi zafi ita ce ta sababbin yankunan yamma: shin za a shiga da bayi can ko ba za a shiga ba?

A watan Nuwamba na 1860 Abraham Lincoln ya ci zaɓen shugaban ƙasa, jam'iyyarsa kuma ba ta yarda bauta ta yaɗu zuwa yamma ba. Ran 20 ga Disamba jihar South Carolina ta ce ta ɓalle. Wasu suka bi ta har suka kai jiha 11, suka naɗa Jefferson Davis shugabansu, daga baya suka mai da birnin Richmond hedikwata. Ran 12 ga Afrilu 1861 suka buɗe wuta a kan sansanin Fort Sumter, yaƙi ya ɓarke.

Ku riƙe wannan, don za mu dawo kansa: su kansu masu ɓallewar sun rubuta dalilinsu da hannunsu. Takardar da jihar Mississippi ta fitar a Janairun 1861 ta faɗi ƙarara cewa matsayinta a haɗe yake da bauta. Mataimakin shugabansu, Alexander Stephens, ya tsaya a bainar jama'a a watan Maris na wannan shekara ya ce harsashin sabuwar gwamnatinsu shi ne baƙar fata ba daidai yake da fari ba.

Kada kuma a ɗauka mutanen Arewa duk don tausayin bayi suka fito. Da farko yawancinsu don hana ƙasa rabewa suka ɗauki bindiga. Sai ran 1 ga Janairu 1863 Lincoln ya sa hannu a kan shelar ƴanta bayin da ke jihohin da suka yi tawaye. Kwana goma bayan faɗan Gettysburg ma, tarzoma ta tashi a birnin New York saboda tilasta wa mutane shiga soja, masu tarzomar suka huce a kan baƙar fata, suka kashe wasu, suka ƙone gidan marayunsu.

Kwana uku a watan Yuli

Gettysburg ƙaramin gari ne a kudancin jihar Pennsylvania, kimanin kilomita 130 arewa da birnin Washington. A 1863 mutanensa ba su wuce 2,400 ba. Abin da ya ja masa shi ne hanyoyi goma ne suka haɗu a cikinsa. Janar Robert E. Lee, babban kwamandan Kudu, ya tsallako da mutum fiye da 70,000 cikin ƙasar Arewa, yana fatan in ya yi nasara a nan, mutanen Arewa su gaji su nemi sulhu. Rundunar Arewa, mutum fiye da 90,000, tana biye da shi a ƙarƙashin Janar George Meade, wanda kwana uku kacal da naɗa shi.

Ran 1 ga Yuli aka yi arangama a yamma da arewacin garin. Tun da hantsi aka harbe Janar John Reynolds na Arewa. Kafin la'asar sojojin Kudu sun fatattaki na Arewa ta cikin gari, har suka je suka tare a kan wasu tuddai da ke kudu da shi, wurin tsohuwar maƙabartar garin. Wannan ja da baya sai ya zamar musu alheri, domin sun samu tudu, abokan gaba kuma na ƙasa.

Ran 2 ga wata Lee ya kai hari ta gefe biyu. A can ƙarshen sahun Arewa, a kan wani ɗan tsauni da ake kira Little Round Top, akwai bataliya ta 20 ta jihar Maine, ƙarƙashin Joshua Chamberlain, wanda kafin yaƙi malamin kwaleji ne. Da harsashinsu ya kusa ƙarewa, sai suka ɗaura wuƙaƙe a bakin bindiga suka gangaro a guje, suka tarwatsa masu hawowa. A tsakiyar sahu kuma aka ga wata kafa ta buɗe, ba kowa a kusa sai bataliya ta 1 ta jihar Minnesota, mutum 262. Aka ce su faɗa wa rundunar da ta ninka su sau da yawa, don a samu ƴan mintunan kawo ɗauki. Suka faɗa. Mutum 215 suka zube, tsakanin matattu da masu rauni.

Ran 3 ga wata Lee ya yanke shawarar fasa tsakiya. Babban mataimakinsa, Janar James Longstreet, ya gaya masa wannan ba zai yiwu ba, amma Lee ya tsaya a kan bakansa. Bayan azahar igwa kusan 150 suka yi ta ruwan wuta, sannan dakaru kimanin 12,500 suka fito daga cikin itatuwa suka jeru, suka taka fili fetal mai tsawon fiye da kilomita ɗaya, ana zuba musu wuta. Ƴan ƙalilan ne suka tsallake wata gajeriyar katangar dutse da ke gaban sojojin Arewa, a nan aka kashe su ko aka kama su. Cikin sa'a guda kusan rabin waɗanda suka fito sun mutu, ko sun ji rauni, ko suna hannu. Wannan shi ake kira harin Pickett, da sunan ɗaya daga cikin janarorin da suka jagorance shi.

Washegari, cikin ruwan sama, Lee ya fara janyewa. Jerin kekunan dokin da suka kwashi masu rauninsa ya kai kilomita 27. A kwana ukun nan, waɗanda suka mutu da masu rauni da waɗanda aka kama ko suka ɓace sun kai wajen 50,000, kimanin 7,000 daga cikinsu a filin suka cika. Farar hula guda ɗaya ce ta mutu, wata budurwa mai shekara 20, Jennie Wade, harsashi ya ratso ƙofa ya same ta tana kwaɓa fulawar burodi.

Yaƙin bai ƙare a nan ba. Sai ran 9 ga Afrilu 1865 Lee ya miƙa wuya a Appomattox. Kwana biyar bayan haka aka harbi Lincoln, ya mutu washegari. A Disambar wannan shekara aka gyara tsarin mulki aka haramta bauta a duk ƙasar. An daɗe ana cewa sojoji 620,000 suka mutu a yaƙin, wasu masu bincike na baya-bayan nan kuma sun kai adadin wajen 750,000. Cuta ta kashe fiye da waɗanda harsashi ya kashe.

Maƙabarta: wa aka kai, wa aka bari

Yawancin masu ziyara kan fara da gidan tarihin da ke bakin filin, inda aka rataye wani ƙaton zanen harin Pickett mai kewaye ɗaki gaba ɗaya, aikin wani Bafaranshe, Paul Philippoteaux, na 1884. Amma abin tunawa na farko da aka yi a Gettysburg maƙabarta ce.

Ka duba halin da garin ya shiga: mutum 2,400, an bar musu masu rauni fiye da 20,000, ga gawawwakin mutane da na dawaki dubbai a gonaki cikin zafin bazara. Kowane coci da makaranta da babban gida ya koma asibiti. Gawawwakin an turbuɗe su ne sama-sama, ruwa na zuwa yana tone su. Sai wani lauya ɗan garin, David Wills, ya sayi eka 17 da sunan jihar Pennsylvania don a yi wa sojojin Arewa maƙabarta. Aka ba da kwangilar tono da sake binnewa a kan dala 1 da santi 59 kowace gawa. Cikin masu aikin akwai wani manomi baƙar fata mai suna Basil Biggs, shi ya jagoranci ayarin ƴan'uwansa baƙar fata suna tonowa suna ɗorawa a keken doki. Mutum 3,512 aka binne, 979 daga ciki ba a san ko sunansu ko jiharsu ba. An jera su jiha-jiha, kuma kabarin hafsa bai fi na ƙaramin soja girma ba.

Ran 19 ga Nuwamba 1863 aka yi bikin buɗe ta. Babban mai jawabi, Edward Everett, ya yi sa'a biyu yana magana. Lincoln ya tashi ya yi minti biyu, kalmomi ba su kai 300 ba. A taƙaice ya ce ƙasar an kafa ta ne a kan cewa mutane duka daidai aka halicce su, yaƙin nan gwaji ne na ko irin wannan ƙasa za ta ɗore, kuma aikin da matattun suka bari yana wuyan masu rai. Yau gajeren jawabin ne yaran makaranta ke haddacewa.

To ina gawawwakin Kudu? Ba a sa su ciki ba. Suna nan a ramukan gonaki har shekara takwas. Tsakanin 1871 da 1873 ƙungiyoyin matan Kudu suka tara kuɗi, wani likita ɗan garin, Rufus Weaver, ya tono ƙasusuwan mutum 3,320 ya aika musu, mafi yawa zuwa Richmond. Ka ga tun daga maƙabarta filin ya fara nuna wanda ke da iko da shi.

Duwatsun Arewa

Tun 1864 aka kafa wata ƙungiya don sayen filin da adana shi. A shekarun 1880 tsofaffin sojojin Arewa suka yi ta zuwa, kowace bataliya tana kafa dutsenta a inda ta tsaya, jihohinsu na ba da kuɗi. Mafi girma duka shi ne na jihar Pennsylvania, na 1910, tsayinsa ya haura mita 30, da sunayen sojojinta fiye da 34,000 a kan allunan tagulla.

Ko a tsakaninsu ma ba a rasa rigima ba, don an ce so duka so ne, amma son kai ya fi. Dokar ƙungiyar ita ce a kafa dutse a inda bataliya ta ja sahu. Mutanen bataliya ta 72 ta Pennsylvania suka ce su a bakin katangar nan ta harin Pickett za su kafa nasu. Ƙungiya ta ce a'a, ku a can baya kuka tsaya, sai daga ƙarshe kuka matso. Magana ta kai kotu, har kotun ƙoli ta jihar, tsofaffin sojoji suna ba da shaida suna ƙaryata juna a kan tazarar da ba ta wuce ƴan taku ba. Bataliyar ta ci shari'a, aka buɗe dutsenta a 1891. Mai ziyara a yau zai ga mutum-mutumin soja ya ɗaga bindiga kamar zai kwaɗa wa wani, daf da katangar. In bai san labarin shari'ar ba, zai ɗauka ba a taɓa yin musu a kan wurin ba.

A 1895 filin ya koma hannun gwamnatin tarayya, a 1933 kuma aka danƙa shi ga hukumar da ke kula da wuraren tarihi da gandayen shaƙatawa na ƙasa.

Duwatsun Kudu, da shekarun da aka kafa su

A 1869 aka gayyaci Lee ya zo Gettysburg a taimaka wajen sa alamomi a filin. Ya ƙi zuwa. A wasiƙarsa ya nuna cewa a ganinsa gara a bar mikin yaƙi ya warke da a riƙa fama shi. Shekaru da dama mutanen Kudu ba su da sha'awar kafa komai a inda aka ci su da yaƙi. Dutsen bataliyar Kudu na farko, na wasu ƴan jihar Maryland, sai 1886 ya shiga filin, shi ma da ƙyar.

Amma a can gida wani sabon labari na ta ginuwa. Tsofaffin janarori da marubuta da ƙungiyoyin mata suka dage cewa ba don bauta aka yi yaƙin ba, don kare haƙƙin jihohi ne, kuma yawan mutane da kayan aiki ne kawai suka rinjaye su. Aka sa wannan a littattafan makaranta. A lokaci guda kuma jihohin Kudu suna kafa dokokin wariya, suna hana baƙar fata zaɓe. Tsugune dai ba ta ƙare ba.

A 1913, cikar shekara 50, tsofaffin sojoji fiye da 50,000 suka taru a filin, kusan 9,000 daga Kudu. Tsofaffi masu furfura daga ɓangarorin biyu suka miƙa wa juna hannu ta saman katangar nan, aka ɗauki hoto. Abin gwanin ban tausayi, kuma ba wanda zai raina sulhu tsakanin waɗanda suka taɓa harbin juna. Sai dai an yi sulhun ne bisa sharaɗin kowa ya yi shiru a kan abin da ya haddasa faɗan. Shugaba Woodrow Wilson, haifaffen Virginia, ya yi jawabi ya yabi jaruntar kowa, bai ambaci bauta ba. A zamanin mulkinsa ne ma aka faɗaɗa raba farare da baƙaƙe a ofisoshin gwamnati.

Bayan wannan ne manyan duwatsun jihohin Kudu suka fara shigowa. Na Virginia a 1917: Lee a kan dokinsa, tsayin abin ya kai mita 12, yana fuskantar filin da mutanensa suka taka, can tsallake kuma ga mutum-mutumin Meade. Na North Carolina a 1929, na Alabama a 1933. A 1938, cikar shekara 75, tsofaffi kimanin 1,800 suka samu zuwa, yawancinsu sun haura shekara 90. Shugaba Franklin Roosevelt ya buɗe hasumiyar zaman lafiya mai wuta a samanta, wadda aka gina da dutsen Maine da na Alabama, ɗaya daga Arewa ɗaya daga Kudu.

Yanzu ku duba sauran shekarun: Georgia 1961, Florida da South Carolina 1963, Texas 1964, Arkansas 1966, Louisiana 1971, Mississippi 1973. Wasu daga cikin shekarun sun zo daidai da cikar yaƙin shekara ɗari, wannan gaskiya ne. Amma kuma su ne shekarun da baƙar fata suka tashi neman ƴancin zaɓe da na shiga makaranta ɗaya da farare. Rubutun da ke jikin dutsen South Carolina yana magana ne a kan tsarkin haƙƙin jihohi, alhali takardar ɓallewar jihar ta 1860 kuka take yi a kan Arewa ta ƙi mayar mata da bayin da suka gudu. Cikin baƙin bikin 1963 har da gwamnan Alabama, George Wallace, wanda makonni uku kafin nan ya tsaya a ƙofar jami'ar jiharsa don hana ɗalibai baƙar fata biyu shiga. A watan Agustan wannan shekara ce Martin Luther King ya yi shahararren jawabinsa a Washington. Wanda ya san wannan, in ya tsaya gaban dutsen, zai gane cewa da mutanen 1963 yake magana fiye da na 1863.

Shi kuwa Longstreet, wanda ya ce kada a kai harin, me ya samu? Bayan yaƙi ya karɓi sabon tsari, ya shiga jam'iyyar Lincoln, ya jagoranci dakarun da akwai baƙar fata a cikinsu a New Orleans, har ya yi jakadan Amurka a Santambul. Tsofaffin abokansa suka ɗauke shi maci amana, suka ɗora masa laifin faɗuwar Gettysburg don su wanke Lee. Bai samu mutum-mutumi a filin ba sai 1998, shi ma a ƙasa yake cikin itatuwa, ba a ɗora shi a kan dakali ba.

Waɗanda sai an neme su

Kusa da inda harin Pickett ya ƙare akwai wani ɗan farin gida mai ɗaki biyu da rumbu. Da yawa kan wuce shi ba su waiwaya ba. Gidan Abraham Brian ne, baƙar fata, ɗa ba bawa ba, mai gona eka 12. Da ya ji Lee na tafe sai ya kwashi iyalinsa ya gudu, kuma yana da dalili: sojojin Kudu sun riƙa kama baƙar fata a garuruwan Pennsylvania, har da waɗanda ba su taɓa yin bauta ba, suna kora su Kudu. Da ya dawo ya tarar an ragargaza gidan, an tattake amfanin gona. Ya nemi diyyar dala 1,028, gwamnati ta ba shi dala 15.

Haka nan dubban bayi ne suka biyo rundunar Lee zuwa Gettysburg, suna dafa abinci, suna tuƙa kekunan doki, suna ɗaukar masu rauni. Ba su cikin lissafin da aka sassaƙa a manyan duwatsun.

Basil Biggs, mai tonon gawa, da kuɗin aikin ya sayi gona, kuma cikin gonar har da kurmin itatuwan da ke kusa da katangar nan. An ruwaito cewa wani mai tattara tarihin filin, John Bachelder, ya taɓa tarar da shi yana sare itatuwan, ya lallashe shi ya bari. Yau kurmin an kewaye shi da shingen ƙarfe, ana nuna shi a matsayin iyakar inda guguwar Kudu ta kai. Shi Biggs ya mutu a 1906, an binne shi a wata ƙaramar maƙabarta ta baƙar fata a gefen gari, tare da tsofaffin sojoji baƙar fata kimanin 30.

Ba wata bataliyar baƙar fata da ta yi faɗa a Gettysburg, amma kafin yaƙin ya ƙare kimanin 180,000 sun sa kakin sojan Arewa. Cikinsu har da wani ɗan Kukawa ta Barno, Muhammad Ali ɗan Sa'id, wanda Turawa suka sani da Nicholas Said. An kama shi yana yaro a nan ƙasashenmu, aka sayar da shi, ya ratsa Sahara zuwa Tarabulus, daga nan Santambul, daga nan Rasha, inda aka yi masa baftisma. Ya zaga Turai, ya isa Amurka, a 1863 ya shiga bataliya ta 55 ta jihar Massachusetts. Bayan yaƙi ya koyar a makarantun Kudu, ya buga tarihin rayuwarsa a 1873. Labarinsa na tuna mana cewa cinikin mutane ba a tsallaken teku kaɗai aka yi shi ba. Babban abin tunawa da waɗannan sojoji a birnin Washington kuwa sai 1998 aka buɗe shi, shekara 133 bayan ƙarewar yaƙin.

Abin da mai ziyara zai riƙe

Har yau maganar ba ta mutu ba. A Agustan 2017 rikici ya tashi a garin Charlottesville a kan shirin cire mutum-mutumin Lee, har mace ɗaya ta rasa ranta. A Satumbar 2021 aka sauke babban mutum-mutuminsa na Richmond, wanda ke tsaye tun 1890. Na Gettysburg suna nan. Masu cewa a bar su na kafa hujja da cewa filin daga dabam yake da dandalin gari, kuma duwatsun na nuna inda kowa ya tsaya. Masu suka na cewa rubutun wasunsu ya karkatar da tarihi. Kowane ɓangare na da abin dubawa a maganarsa.

Mu dai abin da za mu ɗauka bai da wuya, kuma ɗalibi ya saba da shi, tunda ya san ba a karɓar labari sai an tambayi wanda ya kawo shi. In ka tsaya gaban dutsen tunawa, a Gettysburg ne ko a wani wurin tarihi da ke kusa da kai, fara da neman shekarar da aka kafa shi, yawanci tana can ƙasa ko a baya da ƙananan haruffa. Ka tambayi wa ya biya kuɗin, da abin da ke faruwa a ƙasar a wannan shekara. Ka gwada rubutun da abin da mutanen lokacin faɗan suka rubuta da kansu. Sannan ka waiga ka nemi wanda ya kamata a ce sunansa na wurin amma babu: mai gonar, mai haƙa kabarin, matar da ta yi jinya. Ka kuma yi tafiyar da natsuwa, ba da hayaniya ba, domin ƙasar da kake takawa mutane sun mutu a kanta, ko wane gefe suke, kuma kowannensu akwai waɗanda suka jira dawowarsa.

Allah Ya tsare ƙasashenmu daga fitinar basasa, Ya ƙara mana fahimta. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in sha Allahu. Wassalamu alaikum.